Madubin hangen nesa 7x50 mai kamfas: gilashi ya biya, kamfas ɗin na wata ƙasa ne

Wannan baƙin madubin hangen nesa mai ido biyu da rigar roba, wanda aka rubuta 7x50 a kafaɗarsa aka dasa masa kamfas a bisa, ya fara yawa a shagunan kayan lantarki na Kano da kasuwannin intanet. Sunan da ke jikinsa yana canzawa daga shago zuwa shago, amma ƙirar ɗaya ce, da alama wuri guda ake zubo shi kowa ya liƙa tambarinsa. Na saye shi ne don kallon ƙananan tsuntsayen nan da ke sauko mana daga Turai da kaka su koma da bazara, a fadamun Haɗejiya da wajen Baturiya. Ga mai sauri, hukuncina shi ne: gilashin ya fi kuɗinsa, nauyin ya yi yawa, kamfas ɗin kuwa da aka ƙara farashi saboda shi ba don ƙasarmu aka daidaita shi ba. Aikin safiyo na yi har na yi ritaya, don haka a maganar kamfas ba na karɓar "ai haka yake" daga bakin mai shago.

Gilashin tukuna. Lambar 7 na nufin abu yana matsowa ninki bakwai, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Raba hamsin gida bakwai, ka samu kusan milimita 7, wato kaurin hasken da ke fitowa ya shiga ƙwayar ido. Don matuƙan jirgin ruwa aka tsara wannan ma'auni, masu neman fitilar gaɓa cikin dare jirgi na tangaɗi. Mu amfaninsa gare mu asuba da almuru ne, lokacin da ido tsurarsa ba ya raba tsuntsu da busasshen ganye. Da wannan madubin kana ganin launi tun gari bai gama wayewa ba. Sai dai in ka manyanta irina, ƙwayar idonka da ƙyar take buɗewa ta kai milimita 5, sauran hasken a banza yake zubewa, kana ɗauke da gilashin da jikanka ne zai ci moriyarsa. Tsakiyar hoton tas take, gefe ne ke ɗan dusashewa, kuma in balbela ta tsaya cikin rana za ka ga siririn zaren shunayya a gefen jikinta. Wannan bai dame ni ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Inda ya fi burge ni cikin garken shanu ne. Duk wanda ya san fadama da rani ya san 'yan tsuntsayen nan masu ruwan ɗorawa a ciki, masu kaɗa wutsiya sama da ƙasa, da ke gudu tsakanin kofatan shanu suna cafke ƙwarin da saniya ta tayar. Da ido ka ce duk iri ɗaya ne. Da na sa madubin, wajen ƙarshen rani da gashinsu ya fito sosai, sai na ga kawunansu sun bambanta: wani kansa toka-toka mai shuɗi da farar gira, wani kansa ya yi duhu ba gira, cikin garke guda. Bambancin kan nan shi ke nuna ɓangaren Turai da kowanne ya fito. Nauyin ɗaya bai kai giram 20 ba. Wani yaro makiyayi ya matso ya ce, "Baba, ara mini in gani." Ya daɗe yana kallo bakinsa buɗe, da ya miƙo mini ya ce shi dai ya san in zafi ya kankama sai ka neme su ka rasa, ya ɗauka kudu suke bin shanu. Na ce masa arewa suke yi, su ƙetare hamada da teku. Ya dube ni irin duban da ake yi wa dattijon da ba a son ƙaryatawa.

Aibin farko yana wajen saiti. Ba shi da dabaran nan na tsakiya da ake murzawa da yatsa guda. Kowane ido da nasa zoben, ka saita na dama ka saita na hagu. Ga jirgin ruwa ko agwagwar da ke can tsakiyar tafki ba laifi, ka saita sau ɗaya ka huta. Amma ƙaramin tsuntsun da ke tsalle cikin reshen bagaruwa taku shida a gabanka ba zai jira ka ba, kuma ko ya jira, madubin ba ya kama abin da ke kusa haka. Masu shiga cikin kacalla, waɗannan masu ruwan ƙasa da farar gira, sau da yawa motsin ciyawa kawai na gani. Nauyinsa ya kusa kilo guda, igiyar wuyan siririya ce tana yanka, sai da na sa baduku ya ɗinka mini mai faɗi. Murfayen gilashin gaba suna saɓulewa da kansu, wanda a cikin ƙurar hunturu ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka kuskura ka goge ƙurar da gefen riga, yashi ce, karce gilashin za ta yi. Hure ta tukuna.

Yanzu kamfas. In ka leƙa, a ƙasan hoton akwai 'yar taga da lambobi ke wucewa daga 0 zuwa 360, da maɓallin da ke kunna jar fitila don dare. Faifai ne mai maganaɗisu yana yawo cikin ruwa a kan tsinin allura. Na fito da tsohon kamfas ɗina na tagulla na aikin safiyo na gwada su a fili, nesa da mota da fal-wayar lantarki. In na riƙe madubin miƙe sosai, faifan yana gogar wani abu a ciki, ya tsaya kan lambar da ba ita ba, sai na ɗan karkata shi na ƙwanƙwasa da farce sannan ya saki ya zo kusa da gaskiya, bambancin digiri biyu ko uku. Na koma wa mai shagon da shi. Ya jujjuya shi ya ce, "Alhaji, ai sabo ne, in ya sha aiki zai saki." Na ce, "Ɗana, ba takalmi ba ne."

Ba lalacewa ya yi ba, kuma yaron ba shi da laifi. Ƙarfin maganaɗisun duniya ba a kwance yake tafiya ko'ina ba. A Turai layinsa yana nutsawa cikin ƙasa da karkata mai tsanani, a Jamus sama da digiri 60, saboda haka bakin allura na arewa yana son dukawa ƙasa. Masu ƙera kamfas sai su ƙara ɗan nauyi a ɓangaren kudu don faifan ya zauna daidai. Yayin da kake gangarowa kudu karkatar tana raguwa, har ka iso inda layin ke kwance shimfiɗe, a nan ake kira ikwaita ta maganaɗisu. Ba ita ce ikwaitar da aka koya mana a firamare ba. A Afirka tana arewa da waccan da kusan digiri 10, ta ratsa ta arewacin Najeriya, ba ta da nisa da mu nan. To faifan da aka yi wa nauyi don Turai, in ya zo inda babu abin da ke jan bakinsa na arewa ƙasa, sai nauyin ya rinjaye shi ya kwanta gefe. Manyan masu ƙera kamfas shiyya-shiyya suke yin kayansu saboda wannan. Na hannuna babu inda aka rubuta shiyyarsa, a kwali ko a takarda.

Abin da ya sa na tsaya kan wannan shi ne, tsuntsayen da na sayi madubin dominsu da wannan karkatar suke aiki. A wani binciken da aka wallafa a 1972, Wolfgang Wiltschko da matarsa Roswitha, a Jami'ar Frankfurt, suka sa wani ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji cikin keji aka kewaye shi da naɗin waya mai sarrafa maganaɗisu. Da lokacin ƙaura ya yi, tsuntsu a keji yakan yi ta tsalle yana fuskantar inda zai tafi da an sake shi, da haka ake gane alƙiblarsa. Suka gano kamfas ɗinsa ba ruwansa da arewa da kudu irin na allurarmu. Karkatar layin yake karantawa: wannan ɓangaren wajen ƙuryar duniya yake, ta can arewa ko ta can kudu, wancan wajen ikwaita. In aka juya karkatar kaɗai, tsuntsu ya juya baya. In aka kwantar da layin shimfiɗe, ya rikice. Ka ga kenan sararin samaniyarmu shi ne daidai inda wannan kamfas yake rasa abin kamawa. Kuma wanda zai wuce zuwa Kongo ko Afirka ta Kudu, kafin ya iso nan "nufi ikwaita" yake bi, bayan ya wuce dole ya koma "nufi ƙuryar duniya" in yana son ci gaba da yin kudu. A wani binciken da aka wallafa a 1992, su biyun suka gwada wannan da wani ɗan tsuntsun lambu mai ruwan toka, irin wanda ke zuwa Najeriya: suka ajiye shi na ɗan lokaci cikin maganaɗisu shimfiɗaɗɗe, da aka mayar da shi cikin na Turai sai ya juya alƙibla, ya ɗauka ya riga ya ƙetare. Shimfiɗewar layin da ta kwantar da faifan madubina, ita ce shaidar da tsuntsu ke jira ya sauya umarni. Subhanallahi. Na yi shekaru ina fama da allura a dajin nan ban san ana wannan lissafi a bisa kaina ba.

Da yake mafi yawan waɗannan ƙananan masu waƙa da dare suke tafiya, suna da taurari. Stephen Emlen a Amurka ya reni 'ya'yan wani shuɗin tsuntsu a cikin ɗakin da ake haska taurari a rufinsa. Wasu ya bar musu sama tana juyawa a kan tauraron arewa yadda take a zahiri, wasu ya sa ta juya a kan wani jan tauraro da ake kira Betelgeuse. Da kaka ta zo, kashi na biyu suka ɗauki jan tauraron a matsayin arewa suka ba shi baya. Sakamakon ya fito a 1970. Wato ba taswirar taurari aka haife su da ita ba, tun suna ƙanana suke lura da inda sama ba ta motsi. Mai safiyo ya san tsayin tauraron arewa bisa doron ƙasa daidai yake da nisanka daga ikwaita. A tsakiyar Jamus digiri 50 ne, sama sosai. A Haɗejiya digiri 12 da rabi ne, kusa da ƙasa, inda hazo ya fi kauri. A nan madubin ya yi rawar gani: a daren da ido bai ga komai ba ta arewa sai fari, ya tsamo mini tauraron daga cikin ƙura. Kuma tun da tauraron ƙasa-ƙasa yake, na iya karanta kamfas ɗin a kansa, abin da ya zama gwaji mafi sauƙi ga wanda ba shi da kamfas na biyu. Bambancin arewar allura da arewar gaskiya a wajenmu kaɗan ne ƙwarai, don haka in lambar ta yi nesa da sifili, kamfas ɗin ne ke ƙarya.

Sai faɗuwar rana, wadda nake ganin ita ce mafi hikima a cikin lamarin. A wani binciken da aka wallafa a 2004, William Cochran da Henrik Mouritsen da Martin Wikelski suka kama wasu tsuntsaye masu ƙaura a jihar Illinois da bazara, suna kan hanyar arewa. Suka ajiye su a keji a waje daidai faɗuwar rana cikin maganaɗisun da aka murɗe shi wajen gabas, suka maƙala musu 'yar na'urar rediyo, suka sake su bayan duhu ya yi suka bi su da mota. Tsuntsayen suka yi yamma tsawon daren. Washegari da suka ga faɗuwar rana ba tare da an taɓa maganaɗisu ba, suka miƙe arewa abinsu. Kowace yamma suke gwada kamfas ɗinsu da inda rana ta faɗi. Mu ma a safiyo ba a fara awo sai an gwada na'ura a kan turken simintin da aka san matsayinsa. Wanda ya tsallake wannan, rigimar gona zai haddasa. Madubina ba shi da ko ƙusar da za a murɗa a gyara kamfas ɗinsa. Sai dai ka riƙe kuskurensa a ka, ka riƙa cirewa.

Babban burina da kamfas ɗin shi ne in auna alƙiblar tsuntsayen da dare. Akwai tsohuwar dabara: in wata ya cika a lokacin ƙaura, ka kafa ido a kansa, masu wucewa za su gifta a fuskarsa. Masu bincike na Suwizalan sun ƙiyasta a 2009 cewa ƙananan tsuntsaye kusan biliyan 2.1 ne ke barin Turai zuwa Afirka kudu da Sahara duk kaka, don haka ba a rasa masu giftawa. Na shimfiɗa tabarma a soro a wani daren sha huɗu cikin watan Afrilu, na kwanta rigingine na dafa gwiwar hannu a matashi. Ninki bakwai ya yi kaɗan ga wannan aiki, masu yinsa da gaske babbar na'ura mai ƙafa suke kafawa, amma can ba a rasa ba sai ɗigo baƙi ya ratsa farin watan, fuka-fuki na rawa, kafin ka ce kwabo ya fita. Jemage yana karkacewa, waɗannan kuwa a miƙe suke wucewa ba waiwaye. Kamfas fa? Da zarar ka ɗaga madubin sama faifan ya manne, lambar ta daskare. Wannan ba aibin nawa kaɗai ba ne, duk kamfas mai faifai haka yake, a kwance yake aiki. Amma ya kamata mai saye don tsuntsaye ya sani: abin da ke sama ba ya aunuwa da shi.

Yana kuma da saurin ruɗewa. Waya a aljihun gaba tana karkata shi, babur a kusa haka, har tabarau mai ƙarfe a wani lokaci. Duk wanda ya taɓa neman alƙibla da waya a ɗakin otal ya san irin wannan. Na tsuntsu ma yana da nasa raunin, amma na wani fanni. A Jami'ar Oldenburg ta Jamus an yi shekaru masu jan ƙirjin nan sun kasa gane hanya a cikin bukkokin gwaji, sai da aka lulluɓe bukkokin da farantin alminiyam aka haɗa shi da ƙasa sannan suka dawo daidai. Abin da ke ruɗa su raunanan igiyoyin lantarki ne irin na zangon rediyon AM da kayan lantarki na gari, ba na wayar salula ba. An wallafa wannan a 2014. Kamfas ɗin nasu yana buƙatar haske, kuma hujjoji sun fi karkata ga cewa a cikin ido yake, a wani sinadari mai suna kiriptokurom. A 2021 masu bincike na Oxford da Oldenburg suka nuna a ɗakin gwaji cewa irin wanda ke idon mai jan ƙirjin yana amsa maganaɗisu.

A busasshiyar gonar gero, inda ba reshe ba ciyawa, aibin saitin ba ya damu. A nan nake samun wani tsuntsu mai tsayawa ƙiƙam bisa hoge, in ya tashi sai farin bindinsa ya walƙa, da baƙi a ƙarshensa. Giram 25 ne. An ɗaura wa danginsa 'yan na'urori aka gano a 2012 cewa na Alaska suna ratsa Asiya su zo gabashin Afirka, kusan kilomita 14,500 zuwa kawai, na gabashin Kanada kuma suna ƙetare Tekun Atlantika su sauko Afirka ta Yamma. Ga irin wannan tsuntsu mai son fili da tazara, madubin ya wadatar.

Wani abu da ba a rubuta a kwali ba. Baƙi ne, ƙato, yana da kamfas da layukan awon nisa a cikin gilashi, kamarsa ɗaya da kayan soja. A zamanin nan in aka ga baƙo a bakin fadama yana leƙen gari da irin wannan, ba tsuntsu ne zai fara zuwa ran mutane ba, kuma ba su yi laifi ba. Ni duk ƙauyen da zan shiga sai na fara gaida bulama ko mai unguwa, in miƙa masa ya leƙa da kansa, in faɗi abin da ya kawo ni. A shingen jami'an tsaro kuma a buɗe nake ajiye shi bisa kujera, ba a ƙasan jaka ba.

Wa zai saya? Masunci, mai kwale-kwale, mai gadin gona da dare, mai neman jinjirin wata, duk za su ji daɗinsa, su ɗauki kamfas ɗin a matsayin gyara. Mai son ƙananan tsuntsaye ya nemi 8x42 mai dabaran saiti a tsakiya, marar kamfas, ya fi sauƙin nauyi kuma yana kama abin da ke kusa. Da rarar kuɗin ya sayi kamfas na hannu daban. Ko wanne za ka ɗauka, kada ka biya a cikin shago. Fito da shi bakin titi ka kalli wata fal-waya mai nisa, ka rufe ido ka buɗe: in ta fara zama biyu kafin ta haɗe, bututun biyu ba su daidaita ba, ciwon kai za ka saya. Riƙe shi nesa da fuska ka duba ɗigon hasken da ke gilashin ido, ya zama da'ira cikakkiya ba mai kusurwa ba. Guji masu jan gilashi ƙyal-ƙyal da masu rubutun 60x90 a jikin abin da bai fi tafin hannu ba, lambar ƙarya ce. In kuma mai kamfas ɗin kake so duk da haka, juya a hankali zagaye guda kana kallon lambobin; wanda ya tsaya ya yi tsalle, mayar da shi ka ce a ɗauko wani daga kwali.